Ranar da Mai Sawu Ya Je Jami'a

Shekara ashirin da shida Mai Sawu ya yi yana aikin gandun daji, amma bai taɓa tsayawa gaban mutum fiye da goma ya yi jawabi ba. Sunan ma abokan aikinsa ne suka laƙaba masa, domin in ya durƙusa ya ƙura wa ƙasa ido, sai ya faɗa maka dabbar da ta wuce, da lokacin da ta wuce, da ko a guje take ko kiwo take yi. Ya taɓa yin ido huɗu da ɓauna mai rauni, ya taɓa yin kwana uku a daji ba ruwan kirki. Duk wannan bai kaɗa masa hanji ba kamar maganar da Manaja ta yi masa wata Litinin da safe.

Manaja ba ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba, amma ita ce shugabar gandun. Ta kira shi ofis, ta tura masa kujera, ta ce jami'ar da ke cikin gari za ta yi taron nuna wa ɗaliban ajin ƙarshe hanyoyin aiki ranar Alhamis, kuma an ba gandun minti arba'in. Ita aka gayyata, sai ga shi hedikwata na nemanta a wannan ranar.

"Kai za ka je, Baba."

"Ni?" Ya waiga kamar akwai wani a bayansa. "Ranki ya daɗe, ni da ko sakandare ban ƙarasa ba? Me zan faɗa wa masu digiri?"

"Na rubuta maka komai, karantawa kawai za ka yi. Hotunan kuma suna cikin wannan." Ta miƙa masa takarda mai shafi huɗu da ɗan filashi. "Gurbi shida muke da shi na horon mako shida. Bara mutum ɗaya ya zo, shi ma ya gudu a kwana na tara. Dubi mutanenka mana. Wane ne a cikinku bai fara furfura ba? Nan da shekara biyar wa zai yi mana sintiri?"

Gwiwarsa ta hagu ce ta ba da amsa, don da ƙyar ya miƙe daga kujerar.

"Abu ɗaya," in ji ta da ya kai bakin ƙofa. "In suka yi tambaya a kan hatsari, ka bi a hankali. Ba korarsu za mu je yi ba."

Ba ɗaliban ne kaɗai suka tsaya masa a rai ba. Autarsa tana wannan jami'ar, ajin ƙarshe, tana karatun kwamfuta. Ita ce abin alfaharinsa. Ko wa ya tambaye shi yara, da ita yake farawa: Auta kam a ofis za ta zauna, cikin sanyi, ƙaya ba za ta taɓa taɓa mata ƙafa ba. Yanzu kuma ga ubanta zai tsaya gaban ƙawayenta da tsohon kaki da ɗingishi, yana in'ina a kan takardar wata.

Ya kira ta da yamma. Da ya faɗa mata, sai wayar ta yi shiru har ya ɗauka layin ne ya yanke.

"Kai ne za ka zo, Baba? Ba Manaja ba?"

"Ni ne. In kina da lacca kar ki wahalar da kanki."

"To," ta ce.

Wannan "to" ɗin ya yi ta juya shi kwana biyu. A gida yana karanta takardar da ƙarfi a tsakar gida, uwargida tana guga tana saurare. Akwai wata kalma a shafi na biyu da duk ya zo kanta sai harshensa ya harɗe.

"Malam, wannan takarda ba muryarka ba ce," ta ce tana juya wuyan rigar kakin. "Kamar an sa maka takalmin wani."

"Ita aka ba ni."

"To ka tafi da ita. Amma ka jefa tarkacen nan naka a jaka, waɗanda suka cika mini ƙarƙashin gado. Ko ba komai na huta da share su."

Ranar Alhamis direban gandu ya sauke shi a bakin wani dogon gini mai hawa uku. Tun daga matakala yake jin kiɗa. Wani kamfanin sadarwa ne ya kama babban zaure, yana raba riguna da huluna, ɗalibai sun yi layi har waje. Malamin da ya shirya taron, wanda kowa ke kira Dakta, ya tarye shi da fara'a, ya ja shi zuwa zauren da ke kusa.

Kujera ta kai ɗari biyu a ciki, jere-jere suna hawa sama. Mai Sawu ya ƙirga mutanen da ido kamar yadda yake ƙirga garke: ashirin da uku. Rabinsu, da gani, fankar zauren ce ta kawo su. Ya duba ko'ina, babu Auta. Bai san ko daɗi ya ji ko ciwo ba.

Majigi ya ƙi karɓar filashin. Dakta ya cire ya mayar, ya hura masa iska, ya kira wani ma'aikaci, shi ma ya gwada ya girgiza kai. Minti goma suka tafi a haka, Mai Sawu na tsaye da takarda a hannu, zufa na bin bayansa.

"Bismillah kawai, Malam," Dakta ya raɗa masa. "A yi ba hotunan."

Ya fara. Makirufo ya mayar masa da muryarsa wata iri, kamar ta baƙo. Ya karanta shafin farko bai ɗaga kai ba. Da ya ɗaga, sai ya ga fuskoki duk sun sunkuya kan waya. Mutum biyu suka tashi suka fice, ƙofar ta buɗe kiɗan maƙwabta ya shigo, ta rufe ya koma. Ya zo kan kalmar nan ta shafi na biyu, harshensa ya harɗe kamar yadda ya saba. Ya sake, ta sake ƙi. Wani ya yi dariya ƙasa-ƙasa daga baya.

A daidai lokacin ne ƙofar sama ta buɗe, Auta ta shigo da wata ƙawarta, suka zauna a layin ƙarshe.

Layukan takardar suka haɗe da juna. Ya tsaya shiru, shirun ya yi tsawo har masu waya suka fara ɗago kai. Sai ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya kashe makirufo, ya sunkuya ya zuge jakarsa.

"Ku yi haƙuri," ya ce da muryarsa ta daji, wadda ba ta bukatar na'ura. "Karatu ba fannina ba ne. Wa ya san wannan?"

Ya ɗaga wata waya mai tsatsa da aka lanƙwasa ta yi zobe.

"Wayar birkin keke," in ji wani dogon saurayi a layi na uku. Shi ne mai dariyar ɗazu.

"Ka faɗi gaskiya. Zo, Dogo, ara mini hannunka."

Aka yi dariya, saurayin ya sauko yana taƙama. Mai Sawu ya zura masa zoben a hannu har gwiwa, ya ce ya ja a hankali. Ya ja, wayar ta shaƙe. Ya ce ya ƙwace. Ya fizga, wayar ta ƙara nutsewa a cikin rigarsa, murmushin ya bar fuskarsa.

"Kai kana da ɗaya hannun, kana da hankali, za ka kwance. Barewa ba ta da ko ɗaya. Abin da ta sani shi ne ta ja. Tana ja yana ci, har ya kai ƙashi. Wani lokaci kwana huɗu take yi kafin ta mutu, mai tarkon ma ya manta inda ya ɗana shi." Ya kwance masa. "Watan jiya irin wannan ɗari da goma sha ɗaya muka cire. Mu tara ne."

Babu mai kallon waya yanzu. Ya fito da sauran tarkacen ya jera a kan tebur: sawun damisa da ya zuba wa siminti ya ciro, ƙayar beguwa, wata 'yar kyamara mai launin ganye wadda kura ta tauna gefenta. Ya ce su sauko su taɓa. Suka sauko, suka kewaye teburin, zauren ya koma kamar bakin wuta a sansani. Nan bakinsa ya buɗe. Ya ce kada su ɗauka aikin gandu duk yawo da bindiga ne. Kyamarori arba'in suka ɗaure a jikin itatuwa, kowane wata suna kawo hotuna dubbai, babu mai zaman tantancewa, suna nan jibge a cikin kwamfuta. Likitan dabbobi sai a yi wata uku bai leƙo ba, don shi kaɗai ne a gandu huɗu. Sukan kama mai laifi da nama a kafaɗa, a je kotu a sake shi, saboda babu lauyan da ya karanci dokar daji. Taswirar da suke aiki da ita ta girmi duk wanda ke cikin zauren, har kogin da ke jikinta ya sauya hanya.

"Albashin fa?" wani ya tambaya.

"Ba zai sa ka yi ƙiba ba. Dube ni." Aka yi dariya. "Amma na aurar da biyu, ga ta ukun tana jami'a."

Bai dubi layin ƙarshe ba da ya faɗi haka.

Sai wata yarinya mai tabarau, wadda tun farko take rubutu a littafi, ta ɗaga hannu.

"Baba, an taɓa kashe wani a cikinku?"

Maganar Manaja ta dawo masa, ka bi a hankali. Yana iya cewa aiki ne kamar kowane aiki, ko direba ma yana cikin hatsari. Ya dubi yarinyar. Ba ta kai Auta ba ma. In ta zo gandu a kan maganarsa, uwarta za ta zauna tana jiran dawowarta a kan maganarsa.

"An taɓa," ya ce. "Abokina. Gajere muke ce masa. Tare aka ɗauke mu aiki."

Ya ba su labarin yadda yake, bai ƙara ba bai rage ba. Shekara tara ke nan. Sun bi sawun mutum uku tun safe har rana ta take, suka cim musu a bakin wani kwari suna fiɗar gwanki. Gajere ne a gaba. Ya ɗaga hannu ya ce su ajiye makamansu, bai ko auna su da bindigarsa ba. Ɗayansu yaro ne, ya firgita ya harba. Harsashin ya sami Gajere, Mai Sawu ya goya shi, ya yi tafiyar awa biyu da shi zuwa inda mota za ta iya shiga. A wannan tafiyar ce ya faɗa rami gwiwarsa ta goce. Kafin su kai, Gajere ya cika a bayansa, shi kuwa bai sani ba, yana ta yi masa hira.

Zauren ya yi tsit, sai kiɗan maƙwabta da ke ratso bango. A gida cewa ya yi hatsarin aiki ne, bai taɓa faɗin sauran ba. Sai yanzu ya tuna Auta na zaune, Auta da Gajere ke ɗorawa a wuya tana ƙarama. Ya saci kallonta. Ta rufe baki da gefen mayafinta.

"Shi ke nan, na kore su," ya ce a ransa. "Manaja ta aiko ni kamun kifi na zo na jefa dutse a ruwa."

Dakta ya yi godiya, aka tafa, ya ajiye takardar rajista a kan tebur ya ce mai so ya rubuta sunansa da ɓangaren da yake sha'awa. Mai Sawu ya juya baya yana mayar da kayansa cikin jaka a hankali, don kada ya ga yadda za su wuce takardar. Sai da zauren ya watse Dakta ya dafa shi.

"Malam, bakwai! Bara ko tsayawa ba su yi ba."

Ya karɓi takardar. Ya fito da tabaransa a baranda ya bi sunayen. Ga Dogo, ya rubuta sintiri. Ga wadda yake zaton mai tabarau ce, ta rubuta shari'a. Ya zo na biyar ya tsaya. Ko ba suna ya san rubutun, shi ya riƙe hannun da ke yin sa ranar da ta fara riƙe fensir. A gaban sunan ta rubuta: kyamarori da sintiri.

Ya same ta a gindin wata bishiya kusa da inda motar gandu ke jira. Da alama shi take jira.

"Mene ne wannan?" Ya nuna mata takardar.

"Sunana ne, Baba."

"Na ga sunanki ne, ai ni na raɗa miki. Ba ki ji abin da na faɗa a ciki ba?"

"Na ji. Shi ya sa."

"Shekara huɗu kina karatun kwamfuta don ki je ki shiga ƙaya? Ga can ana rabon riguna, can ne wurinki. Ki je ki yi layi kamar kowa."

"Baba, ka san a kan me nake aikin kammalawata? Manhaja nake haɗawa da za ta duba hoto ta faɗi dabbar da ke ciki. Hotunan da ka ce suna jibge, da ita za a tantance su cikin kwana biyu. Tun zangon da ya wuce nake yi. Na so in nuna wa Manaja yau in rubuta sunana, in ya so daga baya in lallaɓa ka. Da ka ce kai ne za ka zo, rasa abin faɗa na yi."

Ashe shirun wayar ke nan. Ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, wani mafi nauyi ya hau.

"To ki yi a ofis. A kawo miki hotunan har tebur. Me ya kai ki rubuta sintiri?"

"Wanda bai san inda aka ɗaura kyamara ba, ba zai gane abin da ta ɗauko ba. Kai ka sha faɗa mana ba a sanin daji daga mota."

"Ban yarda ba."

Ta sunkuyar da kai tana murza igiyar jakarta. Da ta ɗago, idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Wato 'ya'yan wasu ka zo nema, Baba?"

Direba ya danna ham. Ya ninke takardar ya shiga mota, har suka fita daga jami'ar bai waiga ba.

A gida ya tarar da uwargida tana kwashe shanya. Ya zauna a kan benci ya zayyana mata, yana jiran ta saki kwandon ta ɗora hannu a ka, don ya samu abokin faɗa. Sai ta ci gaba da ninke zani.

"Ta faɗa mini tun watan jiya."

"Kika ɓoye mini?"

"Na bari ka ji daga bakinta." Ta ajiye kwandon ta zauna a gefensa. "Kana zaton daɗi nake ji? Malam, shekara ashirin da shida, duk yamma kunnena na kan titi. In mota ta tsaya a ƙofar gidan nan ba lokacin dawowarka ba, sai in fito da gudu. Ban taɓa ce maka ka bari ba, don na san in ka bari ba kai ba ne kuma. Yanzu za ku zama biyu. Yarinyar nan kanka ta ɗauko, taurin da komai. Ni da wa zan yi faɗa?"

Takardar ta kwana huɗu a aljihunsa. Bakwai ne, gurbi shida, dole a cire ɗaya. Layi ɗaya na biro ya isa, ba wanda zai tambaye shi dalili. Sau biyu yana fito da ita ya shimfiɗa a kan gwiwa, ya cire murfin biro, ya mayar. Abinci ma sai ya tsakura ya ture. Ranar Litinin ya shiga ofis ya ajiye ta gaban Manaja yadda take.

Ta bi sunayen, ta tsaya a na biyar, ta dube shi ta saman takardar.

"Dakta ya kira ni. Ya ce ka ba su labarin Gajere."

"Na ba su, ranki ya daɗe. Tambayata aka yi."

"Kuma bakwai suka rubuta." Ta girgiza kai. "Zan nemi a ƙara mana gurbi ɗaya. Wannan ta biyar ɗin fa?"

"Ki yi mata gwajin da za ki yi wa kowa. In ta faɗi, ta faɗi." Ya haɗiye yawu. "In ta ci, alfarma ɗaya nake roƙo. Kada ki sa ta a tawagata. In tana bayana, ita zan riƙa kallo, ba ƙasa ba."

Ta ci. Bayan jarrabawar ƙarshe su bakwai suka iso gandu da jakunkunansu, aka ba su kaki da takalma. Na Auta ya yi mata yawa, sai da ta cusa safa biyu. Aka yi musu kwana biyu na bayani a sansani kafin a fara ƙirga kwanakin horon. Ranar fitarsu ta farko aka haɗa ta da Dogo a tawagar Sajan, wani tsohon ma'aikaci marar yawan magana wanda Mai Sawu ya yarda da shi fiye da kowa. Za su canza batiran kyamarori shida a gefen kogi su dawo da la'asar. Mai Sawu kuwa ranar aka bar shi a ɗakin rediyo saboda gwiwarsa.

Ƙa'ida ita ce kowace tawaga ta kira da ƙarfe sha biyu. Tawagar farko ta kira saura minti biyu. Ta biyu ta kira daidai. Ya rubuta su a littafi, ya ajiye biro, ya zuba wa rediyon ido.

Sha biyu da minti biyar. Ya ce a ransa agogon Sajan kullum a baya yake. Da minti goma ya ɗauki oba-oba ya kira, sai shuuu kawai. Ya san gefen kogin nan kamar tafin hannunsa: akwai kwari inda rediyo ba ya kamawa, akwai kuma hanyar da ɓauna ke bi zuwa ruwa, akwai inda suka ga sawun takalmin baƙi makon jiya. Ya yi ƙoƙari ya tsayar da tunaninsa a kan kwarin, zuciyarsa ta ƙi, sai ta koma kan sawun takalmin. Ya miƙe, ya zauna. Ya zuba ruwa a kofi ya manta bai sha ba. Da minti ashirin da biyar ya leƙa taga ya ga direba na wanke mota, ya daka masa tsawa ya bar wankin ya juya ta ta fuskanci hanya. Ƙa'ida ta ce sai an yi awa ɗaya kafin a bi sawu. Shi ya koyar da wannan ƙa'ida ga mutum ya fi talatin, yau kuwa ji yake wanda ya kafa ta bai taɓa haihuwa ba.

Saura kaɗan ɗaya ta buga, yana ɗaure igiyar takalmi, rediyon ya yi ƙara.

"Sansani, sansani, tawaga ta uku ce."

Muryarta ce, tana haki. Ya fizgi oba-oban har ya kusa faɗuwa daga hannunsa. Kalmomi goma suka taso masa a lokaci guda, ya danne su.

"Tawaga ta uku, sansani na ji. Yi bayani."

"Muna lafiya, mu duka. Mun shiga kwari rediyo ya ɗauke. Mun samu tarko sha huɗu a layi ɗaya, ƙasa da kyamara ta huɗu. Akwai gada a cikin ɗaya, da ranta. Sajan ya rufe mata ido, Dogo ya riƙe, mun yanke wayar, ta tashi ta gudu. Akwai wata kuma…" Ta tsaya. "Ita ta daɗe a wurin."

"An ji. Ba ni wurin a taswira."

Ta karanto lambobin, ya rubuta. Rubutun ya fito a karkace kamar na ɗan aji ɗaya.

Da la'asar suka shigo. Dogo ya yi zuru-zuru, babu sauran taƙama. Auta ta sauko daga mota tana ɗingisa ƙafa, ƙaya ta yage mata hannun riga, fuskarta ta yi ja da rana. Ta miƙa wa Sajan tulin wayoyin, sannan ta zo ta zauna a kan dakalin ɗakin rediyo, ɗan nesa da ubanta. Ya ga tana fama da igiyar takalmi yatsunta sun ƙi, ya yi kamar bai gani ba.

"Na yi amai, Baba," ta ce ba ta dube shi ba. "A gaban kowa. Warin ne."

"Sajan ma ya yi a ranarsa ta farko. A kan takalmina."

Ta yi 'yar dariya, ta share hanci.

"Ban sani ba ko zan iya."

Nan ne wurin da zai ce to ki dawo ofis, kuma ya san yau in ya faɗa za ta iya yarda. Maganar ta zo masa har bakin leɓe. Ya dubi ƙafarta da ta zare daga takalmin, duk ta yi ƙulli-ƙullin ruwa.

"Ki jiƙa ta a ruwan gishiri," ya ce. "Gobe ki sa safa ɗaya mai kauri, ba biyu ba. Biyun ne ke goge ki."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya tashi ya koma bayan ɗakin kafin ya ɗauka.

"Ta dawo?" in ji uwargida, ko sallama babu.

"Ta dawo."

"Da ƙafarta?"

"Da ƙafarta."

Ya ji ta sauke dogon numfashi, ya ji ƙarar kujera da ta zauna.

"To," ta ce. "Saura kwana arba'in da ɗaya."